KASKA DA CIWON RUWAN ZUCIYA: ME YA SA WANI YANKI YA FI WANI HASARA?



Babu mai kiwo da bai san kaska ba. Amma ba kowa ya san cewa ɓarnarta ba ɗaya take a ko'ina ba. Makiyayin Abalak ko Tanut yana iya yin shekaru bai ga akuya ta faɗi tana shure-shure saboda cizon kaska ba. Mutumin Gaya yana ganin kaska a hantsar saniyarsa kowace damana, amma shanunsa na gida suna tsaye lafiya. Sai wani ya sayo tumaki masu kyau a kasuwar arewa, ya kawo su kudu. Kafin wata guda ya cika, rabinsu sun mutu. Sai a ce sammu ne, ko baƙin ruwa, ko wata mugunyar ciyawa.

Sau da yawa ba ko ɗaya ba ne cikin waɗannan. Ciwo ne da kaska ke kawowa, kuma yana da wuraren da yake so da wuraren da ba ya so. In kun san wuraren, kun tsare dukiyarku.

WANE CIWO NE?

Masana sun ba shi suna mai ma'anar "ruwan zuciya". In kun je wurin ma'aikacin kiwo za ku ji yana ce masa kodriyoz. An samo wannan suna daga wani masani mai suna Kaudiri, wanda ya gano ƙwayar ciwon a Afirka ta Kudu a shekarar 1925. Tun a 1900 aka tabbatar a can cewa kaska ce ke ɗauke da shi.

Ciwon yana kama tumaki da awaki da shanu. Tumaki da awaki ya fi yi ma ɓarna. Bayan cizon kaska, sai an yi kamar sati biyu zuwa uku kafin ya bayyana.

Da fari jikin bisa ya yi zafi ƙwarai, ma'auni ya wuce 41. Ta daina ci, ta ware daga garke, numfashi ya yi mata wuya. Daga nan ciwon ya hau kai. Sai ku ga tana tauna ba komai a bakinta, tana ƙifta ido, tana ɗaga ƙafafun gaba sama in tana tafiya, ko tana zagaya wuri guda. A ƙarshe ta faɗi a gefe, wuya ya sanƙare baya, tana shure-shure kamar mai gudu a kwance, kumfa na fita a hanci. Wata ma ba ta nuna komai. Da marece tana kiwo, da safe an tarar da ita mushe.

Mahauta sun san alamarsa. In an feɗe bisar, ana samun ruwa mai launin rawaya cikin jakar da ta lulluɓe zuciya, da cikin ƙirji. Huhu kuma ya jiƙe, ya yi nauyi. Daga nan sunan ya fito.

BA KOWACE KASKA BA

Kaska iri-iri ce. Uku ya kamata ku gane.

Ta farko, kaska mai zane. Masana suna ce mata Ambiliyoma. Namijinta yana da zane mai kyau a baya, ja-ja da ruwan tagulla. Bakinta dogo ne, yana shiga fata sosai. Tana son hantsa, da maraina, da hammata, da ƙirji, da gindin wutsiya. Ita kaɗai ce ke kawo ruwan zuciya a ƙasashenmu.

Ta biyu, kaska mai dogayen ƙafafu, wadda ake kira Hiyaloma. Bayanta baƙi-baƙi ne ba zane, ƙafafunta ne ke da zobe-zobe fari. Tana da sauri. Ita ce kaskar ƙasar yashi, wadda masu raƙuma suka sani. Ba ta kawo ruwan zuciya.

Ta uku, shuɗiyar kaska ta shanu. Ƙarama ce, bakinta gajere. Ita ke kawo ciwon da ke sa shanu fitsarin jini.

To, inda kaska mai zane take, nan ruwan zuciya yake. Inda ba ta iya zama, ciwon ba ya zama. Don haka tambayar ita ce: me ke sa ta zauna a wani wuri, ta ƙi wani?

RUWAN SAMA NE KE SHATA IYAKA

Kaska mai zane ba a jikin bisa take yawan rayuwarta ba. A ƙasa take yin ta. Sau uku kawai take hawa bisa ta sha jini.

In macen ta ƙoshi, ta kumbura kamar kan babban yatsa, sai ta faɗo ƙasa ta nemi inuwa mai laima. Nan za ta zuba ƙwai, dubu goma zuwa dubu ashirin, sannan ta mutu. Ƙwan ya ƙyanƙyashe ƴaƴa ƙanana, ba su kai ƙwayar riɗi ba. Su hau zabi, ko zomo, ko akuya, su sha jini, su faɗo. Su saɓa, su zama matasa. Su sake hawa wata bisa, su sha, su faɗo. Su sake saɓa, su zama manya. A ƙasashenmu wannan zagaye yana cin shekara guda.

Ƙwai da ƙananan ƴaƴa ba su jure bushewa. In ƙasa ta bushe, ba ciyawa, ba inuwa, iska mai zafi na busawa, sai su mutu tun ba su sami bisa ba. Shi ya sa inda ruwan shekara bai kai milimeta 400 zuwa 500 ba, da wuya wannan kaska ta yi gida.

Yanzu ku dubi ƙasarmu. Gaya tana samun kamar milimeta 800 a shekara. Yamai kamar 550. Maraɗi kamar 500. Damagaram da Tawa wajen 400 ko ƙasa da haka. Agadas ba ta kai 200 ba. Kun ga ke nan ƙasar ta rabu uku.

A kudu can, wajen Gaya da bakin iyakar Benin da Nijeriya, ruwa ya ishi kaska mai zane. Tana nan kowace shekara.

A arewa, bayan iyakar noma da dokar 1961 ta shata, ƙasar kiwo ce zalla. Can Hiyaloma ke sarauta. Kaska mai zane in ta je, baƙuwa ce, a jikin bisa ta zo, kuma zuriyarta ba ta daɗewa.

A tsakiya kuwa, inda yawancinmu muke noma hatsi da wake, abin yana bin shekara. Damana mai kyau biyu ko uku a jere, kaska ta ƙaru, ta matso arewa. In fari ya zo, ta ja baya.

Amma kada ku dogara da lissafin milimeta kaɗai. Cikin yanki guda ma akwai bambanci. Fadama, da bakin kogi, da gulbi, da korama, da lambun da ake ban ruwa, duk suna riƙe laima bayan tudu ya bushe. Bisar da ke kiwo a bakin kogin Isa, ko cikin Dallol Mauri, ko Gulbin Maraɗi, ko tabkin Madarumfa, ko koramun Matamai da Magarya, ta fi bisar tudu gamuwa da wannan kaska, ko da tsakaninsu tafiyar rabin yini ce.

An ga irin wannan a Senegal, inda masana suka bi ƙasar yanki-yanki suna ƙirga kaska. A Kazamans, kudu mai ruwa, kaska mai zane ta yi yawa. A Ferlo, ƙasar makiyaya mai kama da tamu ta arewa, ta yi ƙaranci. Amma a Niyay, wani siririn yanki na bakin teku arewa da Dakar, ruwan sama ba shi da yawa, duk da haka kaskar tana nan, don ƙasar tana da laima da lambuna. Shanun madara da aka kawo can daga waje sun sha wuya da ruwan zuciya.

ABIN MAMAKI: INDA TA FI YAWA BA NAN AKA FI MUTUWA BA

Nan ne ya kamata ku natsu. Mutum zai ce inda kaska ta fi yawa, nan bisashe za su fi mutuwa. Ba haka abin yake ba koyaushe.

Allah ya ba jaririn bisa wata kariya ta ɗan lokaci. Maraƙi yana da ita kamar sati uku zuwa huɗu na farko. Ɗan tunkiya da ɗan akuya tasu gajera ce, kamar sati guda. In kaska mai ciwo ta ciji jariri cikin waɗannan kwanaki, yawanci ba ya kwanciya. Jikinsa ya san ciwon, ya yi masa shiri. In daga baya kaska ta ci gaba da cizonsa lokaci-lokaci, shirin ba ya gogewa.

To, a ƙasar da kaska ta yi yawa, bisashe da yawa suna gamuwa da ciwon tun suna ƙanana. Waɗanda ba su da ƙarfi kuma sun mutu tun zamanin kakanni, masu juriya suka bar iri. Shi ya sa gajerun awaki da gajerun tumaki na ƙasashen kudu suka fi jure shi. Ciwon yana cikin garke, amma ba ya yawan kayarwa.

A ƙasar da babu kaskar, bisa tana girma ba ta taɓa gamuwa da ciwon ba. Tana da ƙiba, tana da kyau, amma jikinta bai san shi ba. Ranar da ta shiga ƙasar kaska mai zane, tana kamar baƙon da ya shiga daji ba sanda. A cikin irin waɗannan tumaki da awaki, in ba a yi magani ba, fiye da rabin waɗanda suka kamu suna iya mutuwa.

A ƙasar tsakiya kuma, wata shekara akwai kaska, wata babu. Ƴaƴan da aka haifa a shekarun fari ba su sami cizon ƙuruciya ba. In ruwa ya dawo, kaska ta dawo, ta tarar da garke cike da manyan bisashe marasa shiri. Sai a ga mutuwa ta faɗo ma ƙauyen da ya yi shekaru bai ga ciwon ba.

Akwai kuma wani abu. Ƙwayar ciwon tana da dangi da yawa. Bisar da ta saba da ta wani yanki ba lalle ta tsira daga ta wani yanki mai nisa ba.

Saboda haka haɗarin ya fi girma ga mutum uku. Na ɗaya, makiyayin arewa da fari ko rashin ciyawa ya tura kudu, kamar yadda aka yi a 1973 da 1984, da kuma wanda ke gangarawa cin rani ya makara can har ruwan fari ya same shi. Na biyu, mai sayen Uda ko Balami ko Ara-ara a kasuwar arewa don ya turke ko ya kiwata a kudu. Na uku, matan da ake ba awakin habbanaye ko na taimako waɗanda aka kwaso daga nesa. A Mozambik an yi wannan hasara. Bayan yaƙin ƙasar, an kwaso awaki daga yankin Tete zuwa kudu don a mayar ma mutane da dukiyarsu, da yawa suka mutu da ruwan zuciya.

LOKACI MA YANA DA NASA

Manyan kaska suna fitowa da ruwan fari. Watan Yuni da Yuli ne suka fi yawa, kuma shanu suka fi hawa. Ƙananan ƴaƴa suna bayyana da kaka. Matasa kuma da sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu, kuma suna hawa tumaki da awaki sosai.

Kaska ba ta fitowa daga ƙwai da ciwon. Sai ta sha jinin bisa mai ɗauke da shi, sannan a hawa na gaba ta zuba ma wata. Don haka matasa da manya ne ke kawo shi. Kun ga ke nan lokacin haɗari biyu ne: farkon damana, da lokacin sanyi. Mutane da yawa suna sakin jiki da sanyi, don matasan ƙanana ne, suna ɓoye cikin gashi da tsakanin kofato, ba a ganinsu sai an duba.

ABIN DA BA A FAƊA BA, BA A ƘIRGA SHI

Wani dalili na bambanci tsakanin yankuna yana hannunmu. Akuya ta mutu a ƙauye mai nisa, an yanka an ci, ko an jefar, ba wanda ya gaya ma ma'aikacin kiwo. A littafin gwamnati wannan yanki lafiya lau yake. Wani yanki kusa da gari kuma, inda ake kai labari, sai a ga kamar shi ne ciwon ya fi dama.

Kuma ruwan zuciya yana kama da wasu cututtuka: cin guba, da haukan kare, da sanƙarar jiki ta rauni. Ba a tabbatar da shi sai likita ya ɗebi ɗan ƙwaƙwalwar mushen ya duba a madubi mai ƙara girman abu. Babban ɗakin binciken kiwo na ƙasa, LABOCEL, yana Yamai, kuma ta hannun ma'aikacin kiwo na yankinku ake kai masa samfur. In bisashe biyu ko uku sun faɗi da irin alamun nan, ku kai labari tun ranar.

Gargaɗi: bisar da ta mutu farat ɗaya, baƙin jini na fita a hanci ko dubura, kada ku feɗe ta. Wannan yana iya zama ciwon saifa, kuma yana kama mutane.

KASKA TANA TAFIYA

Kaska ba ta da fiffike, amma tana da masu ɗaukarta. Tun zamanin jiragen ruwa masu filafilai, shanun da aka kwasa daga Senegal sun kai kaska mai zane har tsibirin Gwadalup, can gefen Amurka. Har yau mutanen can kaskar Senegal suke ce mata. A 1980 aka tabbatar da ruwan zuciya a tsibirin.

Kusa da mu ma abin ya faru. A 2007 aka ba da labarin wata sabuwar shuɗiyar kaska a Kodibuwa, wadda ta shigo da shanun da aka sayo daga Burazil. Daga baya aka same ta a Benin, Togo, Burkina Faso, Mali da Nijeriya. Tana haihuwa da sauri, tana kawo fitsarin jini mai tsanani, kuma magunguna da yawa ba su kashe ta. Masu kai shanu kudu su lura. In kun ga ƙananan kaska sun rufe saniya, kun sa magani ba su faɗo ba, ku gaya ma ma'aikacin kiwo kafin ku shigar da ita cikin garken gari.

ME ZA KU YI?

Allurar da ake yi ma bisashe kowace shekara ta ciwon huhun shanu ce da annobar tumaki da awaki. Ba ta tsare su daga ruwan zuciya. Don haka tsaron yana hannunku.

1. Kafin ka sayi bisa, tambayi inda aka haife ta. In kana zaune a ƙasa mai laima, irin gida ko na maƙwabta ya fi maka na nesa, ko da na nesa ya fi girma.

2. Baƙuwar bisa, ka cire mata kaska, ka ware ta, ka sa mata ido wata guda. Kada ka kai ta fadama ko bakin gulbi a farkon damana. Ragon layya ya fi tsira a turke, ana kawo masa harawa.

3. Ka riƙa duba hantsa, hammata, gindin wutsiya da tsakanin kofato. Kaska ba ta zuba ciwon nan take, sai ta yi kwana ɗaya zuwa uku a maƙale. Wanda ke dubawa kullum yana riga ta. Ban da wannan, cizonta yana kashe kan nono, yana kuma buɗe ma kirci ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

4. Masana na cibiyar CIRDES da ke Bobo Julaso sun gano wata dabara. Yawancin manyan kaska masu zane suna fara kama saniya a tsakanin kofato lokacin kiwo. Sai dare ya yi, saniya ta kwanta, sannan su hau hantsa da ƙirji. Saboda haka in an gina ɗan kwarmi na siminti a ƙofar garke, aka zuba ruwan magani da zai rufe kofato, shanu suka bi ta ciki da marece kowane kwana biyu ko uku a farkon damana, kaska za ta mutu tun ba ta hau ba. Maganin kaɗan ake ci, aikin kuma ba ya ɗaukar lokaci. Wannan aiki ne da ƙungiyar makiyaya ko ƙauye zai iya haɗa kai ya yi.

5. Kada ka nemi ƙarar da kaska ƙaf daga jikin bisashen da aka haifa a ƙasar kaska. Ka rage ta dai. In ka hana su cizo gaba ɗaya, shirin jikinsu zai goge, ranar da magani ya yanke sai su faɗi.

6. Ruwan zuciya yana da magani, allurar oksitetarasikilin. Amma sai an yi ta tun lokacin zafin jiki. In bisa ta kai ga faɗuwa tana shure-shure, da wuya ta tashi. In ɗaya ta faɗi, a auna zafin sauran. Ka bar ma'aikacin kiwo ya faɗi awon allurar, da kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a ci nama.

7. Kada ka wanke bisa da maganin feshin wake ko na auduga. Kada ka sayi maganin da ba shi da takarda, wanda ya yini a rana cikin kasuwa. Maganin kaska mai suna amitaraz kuwa, kada a sa ma doki, yana yi masa lahani.

KU TSARE KANKU

Mutanen arewa kada su ce tun da ba su da kaska mai zane sun huta. Hiyaloma tana ɗauke da wani zazzaɓi mai sa zubar jini ga mutane, wanda ake kira zazzaɓin Kirimiya da Kwango. Bisa ba ta nuna alama, mutum ne ke kwanciya. Cikin mutum goma da suka kamu, ɗaya zuwa huɗu suna rasuwa. A 2003 ya ɓarke a Nuwakshot, babban birnin Muritaniya. Don haka kada ku murje kaska da yatsa, kada ku fasa ta da haƙori, kada ku bar yara su yi wasa da ita. Ku jefa ta wuta ko cikin kananzir, ku wanke hannu da sabulu. Wanda zazzaɓi ya kama bayan cizon kaska ko bayan fiɗa, ya je likita, ya faɗi abin da ya faru.

Ƴan uwa, kafin ku tashi da garke, ko ku fitar da kuɗi a kasuwa, ku yi tambaya uku: daga ina bisar ta fito, ina za ta, kuma wane wata ne? Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, musamman mata masu awaki da yaran da ke bin garke, don su ne ke fara ganin bisar da ta ware.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu. Amin.